Birkin da Na Ce Lafiyarsa Ƙalau

Ranar Asabar ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ina tsugune a gareji ina ɗaure sarƙar babur ɗin wani mai kai abinci, sai wayata ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. Hannuna duk baƙin mai ne, don haka na bar ta ta katse. Ta sake yin ƙara. A karo na uku na goge yatsu biyu da tsumma na ɗauka. Razak ne, mutumin Kumasi, ɗan Zango, wanda yake tuƙa motar wani otal a nan Dubai.

"Oga Garba, kana ina?"

"Ina gareji mana. Ina kuma zan kasance ranar Asabar? Ku ne masu hutu."

Bai yi dariya ba. Ina jin iska tana kaɗawa a wayar, da muryoyin mutane suna Larabci a bayansa.

"Nasiru ne," in ji shi. "Muna saukowa daga duwatsun Hatta. Ya shiga kwana, birki bai kama ba. Oga, Nasiru ya rasu."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannan na yi masa tambayar da ba a yi wa mutumin da yake tsaye a kan gawar abokinsa. Na ce, "Wane birki? Na gaba ko na baya?"

"Na gaba."

Na mayar da wayar aljihu. Mai babur ɗin yana tsaye yana duba agogo, yana ce min yalla, yalla, wato in yi sauri. Na ƙarasa ɗaure masa sarƙar, na gwada ta da yatsa, na sa mata mai, na sallame shi. Daga nan na je bakin famfo na daɗe ina wanke hannu. Wata biyu kafin wannan rana ni na duba birkin gaban Nasiru, ni kuma na ce masa lafiyarsa ƙalau.

Ina rubuta wannan ne saboda ku matasanmu da kuke sayen babura a garin nan, da waɗanda suke zuwa su tsaya a kaina su ce ai gyaran babur ba wani abu ba ne, sun kalla a waya, minti goma an gama. Ni ba mai dogon karatu ba ne. Firamare na yi, sai allo. Amma na haura shekara talatin da sifana a hannuna, kuma akwai abin da nake so ku sani kafin ku biya farashin da muka biya.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan wankin kafireta ne. A Fagge, a Kano, ƙarƙashin wata rumfar kwano, wurin Oga Iliya, Allah Ya jiƙansa. Ya warware ta gaba ɗaya ya zuba min a gwangwanin madara da fetur, ya ce in wanke. Akwai wani ɗan sifirin a ciki, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya suɓuce min ya faɗa cikin yashi. Na yi shiru, na haɗa sauran na kai masa. Ya ɗauki kafiretar ya girgiza ta a gefen kunnensa sau ɗaya, ya miƙo min. Bai dake ni ba. Ya aika gidansa aka aro rariyar matarsa, ya ce in tankaɗe yashin rumfar har sai na gan shi. Daga azahar har bayan la'asar ina tankaɗe, masu wucewa suna tambaya ko tuwo za a yi. Na same shi.

Shekara bakwai na yi a wurinsa. Shi ya koya min ɗora bakin sukudireba a jikin inji, in kara mariƙinta a kunne, in ji abin da yake gudana a ciki. Ya koya min karanta fulogi: in ya yi baƙi wuluk mai ya yi yawa, in ya yi fari fat injin yana zafi. A kan birki kuwa hanyarsa ɗaya ce. Ka matse hannun birkin da ƙarfi, ka riƙe, ka ƙirga zuwa talatin. In bai nutse ba, ka duba tiyo ko yana zufa, ka duba takalmin birki, ka hau ka gwada. In duk waɗannan sun yi daidai, birki lafiyarsa ƙalau. Kullum yana ce mana bakanike kunnensa da hannunsa da idonsa ne kayan aikinsa na gaske, sauran duk ƙarfe ne.

Akwai kuma benci. A rumfar Oga Iliya akwai wani dogon benci na masu babura, kuma ba ya fara aiki sai mai abu ya zauna a kai. A gaban idonka za a kwance, a gaban idonka za a ɗaura. Duk abin da aka cire, komai lalacewarsa, sai an miƙa maka a hannu. Na tuna ranar da wani ya tafi ya bar tsohon boris ɗinsa, Oga ya sa na bi shi da gudu har Sabon Gari. Dalilin kowa ya san shi. A wancan lokacin ana barin babur wurin bakanike da kaya na asali, a dawo a tarar an musanya da na jabu. Shi ya sa duk ɗan Arewa da ya san ciwon abin hawansa ba ya bari a taɓa masa ba ya wurin. Da wannan al'ada muka tashi, da ita muka hau jirgi, kuma a gida ta sha tsare mu daga asara.

Da na zo Dubai, wani mutumin Fakistan ne ya ɗauke ni aiki a garejinsa. Ina kwana a Satwa, ɗaki ɗaya mu biyar, in shiga bas da sassafe. Cikin jakata na taho da sukudirebar da Oga Iliya ya ba ni ranar da ya yaye ni, mai mariƙin katako, har yanzu tana nan. Sauran kayan a nan na koye su da girmana. Akwai sifana mai awo, wadda take yin ƙas idan noti ya kai inda ake so, ba ka ƙarawa ba ka ragewa. Akwai na'urar da ake jona wa babur ta faɗi abin da yake damunsa. Na koya, amma ban taɓa ba ta amana kamar kunnena ba. Nakan ji ciwon tukuna, sannan in jona na'urar don mai gareji ya gani.

Yawancin aikinmu baburan masu kai abinci ne. Sarƙa, takalmin birki, canjin mai, taya, safe da yamma. Mutane ne da ba su da lokacin zama, suna tsaye wayarsu tana kiransu. A wurinsu na ga abin da zafin garin nan yake yi wa babur. Batir ba ya daɗewa. Roba takan bushe ta tsage kamar tafin ƙafar manomi. Man birki yakan yi duhu da wuri. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce ban san zafi yana cin roba ba. Na sani sarai.

Nasiru ya fara zuwa wurina ne saboda wata ƙara. Mutumin Zariya ne, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, yana zaune a Abu Hail da matarsa Maryam da 'yarsu guda. Ya sayi babban babur sabo fil, ba na neman abinci ba, na shan iska ranar hutu. Ya ce duk sanda ya haura gudu kaza sai ya ji wani abu yana karkarwa, kuma wurin dilan da ya sayar masa sun ce sai ya bar shi kwana biyu. Na tayar da injin, na kara sukudireba a wurare uku. Wani ɗan noti ne na murfin sarƙa ya saki. Na ɗaure shi kafin shayinsa ya huce.

Ya riƙe baki. "Ashe Kanawa sun iya wani abu ban da ciniki?"

Na ce, "Bazazzage, sha shayinka. Da can ma mu muke gyara muku."

Tun daga nan ba ya kai babur ɗinsa ko'ina sai wurina. Babu benci a garejin, sai ya kifa bokitin fenti ya zauna, da kofin shayin karak biyu, ɗaya nawa. Ba ya barin in cire ko noti ɗaya sai ya leƙa. Yakan karɓi tsohon fulogi ya sa a aljihu kamar yadda ake yi a gida, ni kuma ina jin daɗin hakan. Daga baya ya kawo min abokan hawansa biyu da suka sayi irin babur ɗinsa, Razak da wani ɗalibi ɗan Sakkwato mai suna Mubarak. Su uku suke fita Hatta da safiyar Asabar, su sha shayi a gindin duwatsu, su dawo kafin rana ta yi zafi.

To, wata ranar Laraba da yamma Nasiru ya shigo ya miƙo min wayarsa. Saƙo ne daga dila, da Turanci da Larabci. Na ce ya karanta min, idona ba ya son ƙananan rubutu. Gaskiyar ita ce Turancina bai kai nan ba.

Ya ce abin da ake kira rikol ne, wato kamfanin da ya ƙera babur ya gano kuskure a wurinsa, yana kiran duk wanda ya saya ya kawo a gyara kyauta. Wai famfon birkin gaba, wanda yake jikin hannun dama, yana iya rage ƙarfi a wasu yanayi.

"Wane yanayi?"

"Ba su faɗa ba a nan. Sun ce in kira in ɗauki rana."

"To ka kira mana."

"Na kira. Sun ce in kawo in bari. Na ce zan tsaya in gani, suka ce ba a shiga inda ake aiki, akwai ɗakin jira da talabijin. Na ce to za a ba ni tsohon da aka cire? Suka ce a'a, mayar wa kamfani ake yi." Ya buɗe hannuwa. "Oga Garba, kai ka taɓa jin haka? A cire min abu na asali, wanda ya zo da babur daga masana'anta, a sa min wanda ban gani ba, a hana ni nawa, kuma wai kyauta. Wa yake gyara kyauta a garin nan? Ruwan sha ma saye muke."

Na yi dariya, domin maganar ta yi daidai da abin da yake raina.

"Maryam ta dame ni in kai," in ji shi. "Na ce mata zan kawo wa Bakano. In ka duba ka ce akwai matsala, gobe zan kai musu. In ka ce lafiya, khalas, magana ta ƙare. Kai da ka shekara talatin kana wannan aiki, wani yaro da kwamfuta ne zai fi ka sanin birki?"

A nan ne ya kamata in ce masa ba aikina ba ne. Ba zan ce ban san haka ba. Amma an yabe ni a gaban abokan aikina, kuma ni ma ina da wani abu a raina game da yaran dila, masu fararen riguna da ba sa taɓa ƙasa. Na ajiye shayin na ɗauko fitila.

Ban yi aikin ganin ido ba, wannan kam zan iya rantsewa. Na matse hannun birkin na ƙirga zuwa talatin, bai nutse ba. Na sake, na kai sittin. Na bi tiyo da fitila tun daga sama har ƙasa, babu zufa ko ɗigo. Na buɗe murfin mai, man garau yake kamar zuma. Na cire takalman birki na auna, na duba farantin birkin. Na hau na zaga bayan garejin sau huɗu, ina taka gudu ina damƙe birki, har tayar baya tana neman ɗagawa. Na dawo na kafe babur ɗin.

"Lafiyarsa ƙalau," na ce. "Birkin nan ya fi na wasu motoci. Kada ka bari a taɓa maka shi."

Ya kira matarsa nan take, ya sa a sifika. "Uwargida, likita ya duba, ya ce mara lafiya ya tashi ya tafi gida." Ina jin ta tana cewa, "A gaida Baba Garba, Allah Ya saka da alheri."

Cikin makon Razak ya kawo nasa, Mubarak ma ya kawo, domin saƙon ya je musu su ma. Na yi musu irin duban da na yi wa na Nasiru, na faɗa musu abin da na faɗa masa. Babura uku ke nan.

Abin da ya faru a hanyar Hatta, daga bakin Razak na ji shi, don yana bayansa. Ranar sun yi latti, rana ta riga ta ɗaga. Sun hau can sama, suna saukowa, gangara mai tsawo da kwana bayan kwana, inda hannu ba ya barin birki. A wata kwana ya ga fitilar birkin Nasiru ta kama amma babur ɗin bai rage gudu ba. Ya ga ya taka na baya, tayar ta ja ƙasa, amma birkin baya kaɗai ba ya tsayar da babur mai wannan nauyi a gangara. Ya bugi ƙarfen gefen hanya. Razak ya ce da ya je ɗaga babur ɗin, ya taɓa hannun birkin, sai ya tafi har jikin mariƙi babu wata turjiya, kamar an matsa soso.

A nan Dubai aka yi masa sutura. Bayan kwana biyu na je ta'aziyya gidansu a Abu Hail. Falon ƙarami ne, maza a zaune a ƙasa, mata a ciki. Da zan tafi aka ce Maryam tana son gaishe ni. Ta tsaya a bakin ƙofa da hijabi, 'yar tana riƙe da gefensa.

"Baba Garba, na gode da zuwa. Kullum yana maganarka. Ya ce duk garin nan babu wanda yake kula masa da babur kamar kai."

Ba zargina take yi ba. Godiya take yi da zuciya ɗaya. Na ce mata, "Ke kika ce ya kai kamfani. Ni na ce kada ya kai. Ke ce da gaskiya."

Ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Baba."

Haka dattawan da suke wurin ma suka faɗa min, kuma na yarda. Babu wanda yake wuce ranarsa. Amma ajali daban, aikin da aka ba ni amana daban. Ba a tambaye ni ranar mutuwarsa ba. An tambaye ni birki, na kuma ba da amsa a kan abin da ban sani ba.

Washegari na je wurin Razak na karɓi makullin babur ɗinsa. Ban yarda ya hau ba, ni ma ban hau ba. Muka ɗauko motar ɗaukar babura muka kai wurin dila. Na roƙi shugaban wurin ya bar ni in gani, na gaya masa ni bakanike ne, na kuma gaya masa dalili. Ya dube ni, ya ce in tsaya a bakin ƙofa kada in ƙetare jan layi. Wanda ya yi aikin ɗan Filifin ne, ba zai wuce sa'an ɗana na fari ba. Ya kwance famfon birkin, ya zaro ɗan fistin da yake ciki, ya kawo min har bakin layin a tafin hannunsa. A jikin fistin ɗin akwai wata 'yar roba, kamar zoben ƙaramin yatsa. Na juya ta a haske. Babu tsaga, babu ci, sabuwa sumul. Da a garejina na buɗe na gan ta, da mayar da ita zan yi.

Ya yi min bayani a hankali, da Turanci da hannu. Ya ce robar da aka sa wa baburan wannan zubin ba a haɗa ta daidai ba tun daga masana'anta. In tana da sanyi tana riƙe mai kamar kowace roba. Sai an daɗe ana matsa birki, man ya ɗau zafi sosai, ga kuma rana, sannan take yin laushi, man ya zille ta gefenta. In ta huce sai ta koma yadda take. Ya ce su ma ba da ido suke ganewa ba. Lambar jikin babur suke dubawa, wadda aka buga a wuyansa. Kamfani ne ya tara ƙorafi daga ƙasashe da yawa, ya gwada, ya gano daga lamba kaza zuwa lamba kaza abin ya shafa.

Ya sa sabo, ya zuba mai, ya fitar da iska. Aikin bai kai sa'a ɗaya ba. Razak yana ɗakin jira bai ma ƙarasa shayinsa ba. Da ya fito ya ga an gama sai ya zauna a bakin dakali ya rufe fuska da hula.

"Cale," in ji shi, yadda mutanen Kumasi suke kiran aboki, "wannan ne kawai? Wannan ne duka?"

Na ce masa wannan ne.

Bayan makonni, da 'yan sanda suka saki babur ɗin Nasiru, ɗan'uwan Maryam ya roƙe ni in je in ga ko akwai abin da zai sayu a jiki. Gaban ya lotse, fitila ta tarwatse, amma hannun birkin yana nan. Na matse shi. Ya tsaya ƙyam. Na ƙirga zuwa talatin, bai nutse ba. Da wani zai kawo min shi a ranar, bai gaya min komai ba, da na sake cewa lafiyarsa ƙalau.

Wannan shekarar ita ce mafi muni a aikina. Ba wanda ya kai ni ƙara, mai gareji bai kore ni ba, 'yan gida ma ba su daina kawo min babura ba. Amma na daɗe in an tambaye ni ko abu lafiya yake, sai bakina ya yi nauyi. Oga Iliya bai koya min ƙarya ba. Abin da ya koya min daidai ne a kan ciwon da ya riga ya fito, wanda yake ƙara ko yake zufa. Wanda yake kwance tun daga masana'anta yana jiran ranarsa, wannan kunnena ba ya jin sa, kuma kunnen wanda ya fi ni ma ba zai ji ba.

Don haka ga abin da nake gaya wa duk wanda ya miƙo min waya da irin wannan saƙo. Ka kai. Ka kai a makon nan, kada ka jira hutu. In birki ne ko sitiyari ko tiyon fetur, kada ma ka hau, a ɗauka a mota. Ba za su bar ka ka zauna a kansu ba, ka haƙura da bencin. Ka nemi a nuna maka abin da aka cire, ka karɓi takardar da ta nuna an yi. Kyautar da take ba ka tsoro ba alheri suke yi maka ba, kuskurensu ne suke gyarawa. In kuma na hannu ka saya, ka sani saƙon ba zai zo maka ba, wayar wanda ya fara saye zai tafi. Ka kwafi lambar wuyan babur ɗinka ka kai wa dila ya duba. Yanzu duk babur ɗin da ya shigo hannuna, kafin in ɗauki sifana sai na sa an duba min lambarsa. Wasu suna jin haushi, suna cewa tsohon nan ya cika tsoro. Ina barinsu su faɗa.

Saura babur na uku.

Tun ranar da muka dawo daga wurin dila na kira Mubarak, wayarsa a kashe. Ashe ya gama karatu ya koma gida wata guda kafin rasuwar, shi ya sa ba ya cikin tafiyar. Da ƙyar na samu lambarsa ta Najeriya. Ya ce ai ya sayar da babur ɗin kafin ya taso, wa wani alhaji mai harkar kago, wato tura kaya gida, a Deira. Ya ce har ya gaya wa alhajin cewa babban bakanike ya duba komai kwanan nan.

Na je Deira na sami alhajin a shagonsa, cikin katan-katan. Ya saurare ni da kyau, ya yi wa Nasiru addu'a, sannan ya ce kwantenar ta daɗe da tashi, ta sauka, ƙaninsa ya karɓi kayan a Kano. Muka kira ƙanin a gabana. Ya ce ya ba wani dillali. Dillalin ya ɗauki kwana tara kafin ya amsa waya. Ya ce ya tuna babur ɗin, baƙi mai jan layi, wani matashi ne ya saya, bai karɓi lambarsa ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne yaron ya ce daga wajen Jos yake.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos ya san gangaren da yake wurin. Ni na taɓa sauka Hawan Kibo a bayan babbar mota, ina jin warin birkinta har cikin maƙogwaro.

Babu saƙon da zai je wa wannan yaro. Kamfani bai san da shi ba, dila bai san da shi ba. In ma wani abu ya ɗarsu a ransa, bakanike zai kai wa, ya zauna a benci yana kallo. Bakaniken zai matse hannun birki ya ƙirga, ya bi tiyo, ya hau ya zaga, ya ce masa lafiyarsa ƙalau. Ba zai yi masa ƙarya ba. Haka aka koya mana duka.

Na rubuta lambar babur ɗin a takarda, na ɗauki hotonta, na tura wa duk bakaniken da na sani a Kano da Kaduna da Bauci da Jos. Na yi magana da murya na bayyana abin da yake ciki, na roƙi a yaɗa a ƙungiyoyin masu gyara da na masu manyan babura. Sau biyu ana kira na a ce an gan shi, sau biyun lambar ba ta zo daidai ba. Razak yakan tambaye ni duk Juma'a in mun haɗu a masallaci, in girgiza masa kai. Shi ya daina zuwa Hatta. Maryam ta koma Zariya da 'yarta.

Dila ba ya ba da kayan gyaran kyauta sai an kawo babur, don haka na sayi saiti ɗaya da kaina, fistin da robarsa, don in an same shi in aika ranar. Yana cikin akwatin kayan aikina, a ledarsa, kusa da sukudirebar Oga Iliya. Babur ɗin har yau ban same shi ba.